Alƙalan Ɗanɗano: Yadda Aka Raɗa wa Giyar Turai Sunaye

A tsakiyar shekarun 1550, mahukuntan garin Stratford na ƙasar Ingila suka naɗa wani majemi mai ɗinkin safar hannu, John Shakespeare, a kan muƙamin mai ɗanɗana giyar gari. A lokacin ba a ma haifi ɗansa William ba, wanda daga baya duniya ta san shi da rubutun wasan kwaikwayo. Aikin John ba shi da wani ado. Duk gidan da aka sauke tukunyar giya domin sayarwa sai ya je ya kurɓa, ya tabbatar ba ta lalace ba, ba a surka ta da ruwa ba, ma'aunin da ake zuba wa jama'a cikakke ne, farashin kuma bai haura wanda hukuma ta yanka ba. Wanda ya kama da ha'inci sai ya gurfanar da shi a kotun gari a ci shi tara. Muƙamin ya samo asali ne daga wata doka ta wajajen 1266 wadda ta ɗaure farashin burodi da na giya da farashin hatsi a kasuwa, domin a wancan zamani talakan Ingila bai ɗauki giya marar ƙarfi a matsayin kayan shagali ba, wani ɓangare ce ta abincinsa na yau da kullum.

Akwai labarin da masu yi wa baƙi rakiya a Landan ke son bayarwa, wai irin waɗannan ma'aikata wandon fata suke sawa, su zuba giya a kan benci su zauna a kai, idan wandon ya manne to akwai sauran sukarin da bai tsimu ba. Masana tarihin da suka bi takardun zamanin ba su sami tushensa ba. Da baki ake aikin, kuma har yau birnin Landan na zaɓen mutum huɗu kowace shekara a kan wannan muƙami, ko da yake sunan kawai ya rage.

Ga akasarin masu karanta wannan shafi giya haramtacciya ce, kuma babu wani abu a nan da ke neman sauya hakan. Amma tarihin masu ɗanɗana ta ya wuce batun abin da ke cikin kofi. Tarihi ne na yadda ake ƙirƙirar ma'aunin inganci, da wanda ke samun ikon cewa wannan haja ta yi, waccan ba ta yi ba, da abin da wannan iko ke yi wa masu sana'a. John Shakespeare hukunci biyu kawai yake da su: lafiyayya ko lalatacciya. Alƙalin gasar giya na yau yana zama ne da kundi mai ɗauke da salo fiye da ɗari, kowanne da launinsa da ɗacinsa da ƙamshin da aka yarda ya yi. Tsakanin waɗannan mutane biyu akwai fiye da ƙarni huɗu, kuma abin mamakin shi ne kundin bai kai shekara hamsin ba. Giyoyin tsofaffi ne, rarrabuwar ce sabuwa.

Ruwa, wuta da haraji

Babu wani mai dafa giya na ƙarni na 18 da ya zauna ya ce bari ya ƙirƙiri salo. Kowa na yin abin da ruwan rijiyarsa, hatsin gonarsa da dokar sarkinsa suka ba shi dama. A Bavariya, dokar da Sarki Wilhelm na Huɗu ya shelanta a garin Ingolstadt ranar 23 ga Afrilu, 1516, ta ce kada a sa komai a giya sai sha'ir, ruwa da hof, wato furen wani tsiro mai yaɗo da ke ba giya ɗaci kuma yake hana ta saurin lalacewa. Jamusawa na tinƙaho da ita a yau a matsayin dokar tsarki, amma wannan suna sai a ƙarni na 20 aka laƙaba mata. Rabin dokar farashi take yankawa, kuma ɗaya daga cikin manufofinta shi ne a bar wa masu gasa burodi alkama. Ba ta ambaci yisti ba, ƙwayar halittar da ke mayar da sukari barasa, saboda ba a san mene ne shi ba tukuna.

A Landan, giyar da ta mamaye birnin daga shekarun 1720 baƙa ce, aka kuma kira ta fota, da sunan 'yan dakon da suka fi shan ta. Baƙinta ya zo ne daga tsiron sha'ir da aka busar a kan wuta mai ƙarfi. Da aka fara amfani da na'urar auna kaurin ruwan tsiro a shekarun 1780, sai masu masana'antu suka gano cewa farin tsiro ya fi wanda ya sha wuta yawan sukari, ke nan sun daɗe suna asara. Suka koma farin, suka shiga neman abin da zai riƙe musu launi, har Daniel Wheeler ya ƙera gangar soya tsiro a 1817, wadda ke ƙona shi baƙi ƙirin kamar yadda ake soya gahawa. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya rina tukunya guda. Ɗanɗanon ƙauri da masu sharhi ke yabawa a baƙar giya a yau, asalinsa dabarar rage kashe kuɗi ce. Fota mai ƙarfi kuwa ana ce mata sitawut, kalmar da a lokacin ba ta nufin komai sai ƙarfi, kuma ita ce kamfanin Guinness na Dublin ya yi suna da ita.

Labarin India Pale Ale, wadda ake taƙaitawa IPA, ya fi kowanne shan ƙari. Abin da ya tabbata shi ne masana'antar Hodgson da ke gabashin Landan, kusa da inda jiragen Indiya ke lodi, ta daɗe tana sayar wa matuƙan jiragen farar giya mai yawan hof, wadda kan isa Kalkata lafiya bayan watanni a teku. A 1822 Rasha ta ƙaƙaba haraji mai nauyi wanda ya toshe wa masu dafa giya na garin Burton kasuwarsu ta can, sai Samuel Allsopp ya juya ga Indiya. Nan aka ga abin da ba a yi zato ba. Ruwan rijiyoyin Burton na ratsa duwatsu masu wani gishirin ƙasa, yana da ɗan zartsi, kuma wannan zartsin na fito da ɗacin hof tas, yana sa giyar ta yi garau. Burton ta ƙwace kasuwar, musamman bayan da layin dogo ya iso garin a 1839. Daga baya masana sinadarai suka gano sirrin, kowace masana'anta ta koyi zuba wannan gishiri a ruwanta. Jan alwatika na kamfanin Bass na Burton shi ne tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a farkon 1876.

Amma garin da ya sauya duniya shi ne Pilsen, a ƙasar Cek ta yau. A 1838 mutanen garin suka fusata da lalacewar giyarsu har aka fasa ganga 36 a gaban zauren majalisar gari. Suka haɗa kuɗi suka gina sabuwar masana'anta, suka ɗauko wani Bajamushe daga Bavariya, Josef Groll, wanda ya iya dafa laga, wato giyar da ake tsimawa a sanyi a kuma ajiye ta makonni a cikin kogo. A watan Oktoban 1842 ya haɗa wannan hanya da farin tsiro, hof ɗin yankin Saaz, da ruwan Pilsen wanda kusan ba shi da ma'adanai, kamar ruwan sama. Abin da ya fito ruwan zinariya ne, ana hango hannu ta cikinsa. Ya kuma zo daidai lokacin da kofin gilashi ke araha, mutane suka fara kallon abin da suke sha. Da Carl von Linde ya ƙera injin sanyi domin masana'antar Spaten ta Munich a shekarun 1870, sai buƙatar kogo da ƙanƙarar hunturu ta kau. Ana iya dafa laga a ko'ina, har a Legas, inda kwalbar Star ta farko ta fito a 1949.

Harshe a ɗakin gwaji

Masana'antun giya na ƙarni na 19 sun ba kimiyya fiye da yadda aka saba faɗa. Louis Pasteur ya wallafa littafi sukutum kan giya a 1876, inda ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne ke tsamar da ita. Ruwa dai ba ya tsami banza. A ɗakin binciken Carlsberg na Kopenhagen, Emil Christian Hansen ya ware ƙwayar yisti guda ɗaya tak ya hayayyafa ta a 1883, kuma a wannan ɗaki ne Søren Sørensen ya fito da ma'aunin pH a 1909, wanda kowane ɗalibin sakandare ke haddacewa a yau. A Dublin, wani ma'aikacin Guinness, William Gosset, yana neman hanyar yanke hukunci kan ingancin sha'ir da hof daga samfuri 'yan kaɗan, ya wallafa a 1908 lissafin da ya zama gwajin t. Kamfanin bai yarda ma'aikatansa su sa sunansu a bugu ba, ya sa hannu da Student. Duk wanda ya rubuta kundin digiri a Zariya ko Kano ya yi amfani da wannan gwaji, ya ci moriyar damuwar wani kamfanin giya.

Burin duk wannan bincike guda ne, kwalbar yau ta zama daidai da ta jiya. Mai ɗanɗano ya tashi daga ma'aikacin hukuma ya koma na'urar kamfani. A shekarun 1940 masu bincike a masana'antun Sikandinebiya suka daidaita wani gwaji da har yau ake yi a kamfanonin abinci: a ajiye wa mutum kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya nuna baren. Mai cankar kawai zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka idan 'yan kwamiti suka wuce haka da nisa, bambancin na gaske ne. Ba a tambayar kowa ko abin ya yi masa daɗi. Ra'ayinsa ba ya cikin lissafi.

A ƙarshen shekarun 1970 wani masanin sinadarai ɗan Denmak, Morten Meilgaard, ya jagoranci tsara da'irar ɗanɗanon giya, wadda ta ba kowane ƙamshi da wari suna da gurbi, aka kuma danganta da yawansu da sinadarin da ke jawo su. Ƙamshin man shanu alamar yisti bai gama aikinsa ba ne. Warin dafaffiyar masara daga tsiro yake, idan ba a tafasa ruwan sosai ba. Ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali na nufin iska ta shiga kuma giyar ta tsufa. Wani ɗoyi kuma hasken rana ke haddasa shi idan ya bugi sinadarin hof, shi ya sa ake fifita kwalba mai ruwan ƙasa a kan koriya. Kusan duk ƙamus ne na aibi, an yi shi domin kama kuskure kafin haja ta bar masana'anta.

Sai dai a nan wata matsala ta ɓullo wadda ɗakin gwaji ba zai iya warwarewa ba. Ƙamshin ayaba da kanumfari babban aibi ne a laga, amma shi ne abin da ake nema a giyar alkama ta Bavariya. Tsami alamar lalacewa ce a wajen Pasteur, amma a kwarin kogin Senne kusa da Brussels, masu dafa lambik da gangan suke shanya ruwan tsiro a buɗaɗɗen faranti ya kwana, domin yistin da ke yawo a iska ya faɗa ciki, su kuma bar shi a gangar itace shekara ɗaya zuwa uku ya yi tsami. Abincin wani gubar wani. Kafin a ce giya ta yi ko ba ta yi ba, dole a fara sanin abin da take ƙoƙarin zama.

Ɗan jaridar Yorkshire

Zuwa 1970 wannan tambaya ta kusa zama marar amfani, domin bambancin kansa yana mutuwa. A Amurka, dokar hana barasa ta 1920 zuwa 1933 ta rufe masana'antu, waɗanda suka farfaɗo kuma manya suka haɗiye ƙanana. Ƙasar da ke da masana'antun giya fiye da 4,000 a 1873 ta wayi gari da ƙasa da ɗari a ƙarshen shekarun 1970, kusan dukkansu laga mai rauni iri ɗaya suke yi. A Birtaniya kamfanoni shida ne suka mallaki akasarin kasuwa da mashayu, suna maye gurbin giyar ganga mai rai da wadda aka tace, aka kashe yistinta, aka cusa mata iska. Fota ta ɓace daga Landan ɗin da ta haife ta. A garin Hoegaarden na Beljiyam, masana'anta ta ƙarshe mai dafa farar giyar alkama ta rufe a 1957, sai da wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya farfaɗo da ita a tsakiyar shekarun 1960.

Turjiyar farko daga mashaya ta zo. A 1971 wasu samari huɗu 'yan Ingila, akasarinsu 'yan jarida, suna hutu a yammacin Ailan, suka kafa ƙungiyar da ake kira CAMRA domin kare giyar ganga. Makaminsu jerin sunaye ne. Littafinsu na shekara-shekara, Good Beer Guide, yana faɗa wa mutum mashayar da zai shiga da wadda zai wuce, kuma ƙananan masana'antun da ke shirin rufewa suka ga ciniki ya dawo.

Wanda ya yi babban aikin shi ne Michael Jackson, ba mawaƙin Amurka ba, wani ɗan jarida haifaffen Yorkshire a 1942. Littafinsa The World Guide to Beer na 1977 ya yi wa giya abin da marubuta suka daɗe suna yi wa ruwan inabin Faransa: ya ɗauke ta a matsayin abin da ke da ƙasa, tarihi da dangi. Ya rarraba giyoyin duniya bisa irin tsimin da ake yi musu, hatsin da ke ciki da garin da suka fito, ya nuna cewa wannan 'yar'uwar waccan ce, ya kuma yaɗa kalmar salo a wannan ma'ana. Ya yi amfani da kalmomin ƙamshi domin yabo, inda ɗakin gwaji ke amfani da su domin tuhuma. Beljiyam ta fi kowa cin riba. Giyoyin da 'ya'yanta ke gani na tsofaffin ƙauye ne suka zama abin da baƙi ke ƙetare teku su nema, musamman bayan shirinsa na talabijin The Beer Hunter da littafinsa kan giyar Beljiyam na 1991. Jackson ya rasu a 2007. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon ɗan'adam.

Jackson bayani ya yi, bai kafa doka ba. Amurkawa ne suka karanta littafinsa kamar littafin girki. Ƙasa ta riga ta jiƙa: Fritz Maytag ya sayi mafi yawan hannun jarin masana'antar Anchor ta San Francisco a 1965 tana gab da rufewa, ya dafa fota a 1972, sannan a 1975 ya fitar da Liberty Ale da sabon hof mai suna Cascade, mai ƙamshin lemun tsami da ɓawon itace, wanda Turawan Turai ke gani ya cika tsiwa. A watan Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida. A wannan shekara Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dafawa a gida a Kolorado, Ken Grossman kuma ya buɗe Sierra Nevada a Kalifoniya a 1980 da tankunan kamfanin madara da ya saya na hannu. Wannan shi ne mafarin abin da ake kira giyar ƙananan masu sana'a. Zuwa farkon shekarun 2020 masana'antun Amurka sun haura 9,000.

Masu dafawa a gida na son gasa, gasa kuma na buƙatar alƙalai, alƙalai na buƙatar doka. A 1985 aka kafa shirin horar da alƙalan giya da ake kira BJCP, mai jarrabawa da matakan girma. Alƙali ba ya ganin kwalba ko sunan mai ita, salon da aka shigar da ita kawai ake faɗa masa. Yakan fara da shanshanawa tun ƙamshin bai gudu ba, ya ɗaga kofin ya dubi launi da kumfa, sannan ya kurɓa. Saɓanin mai ɗanɗana ruwan inabi, ba ya tofarwa, domin ɗacin hof sai an haɗiye yake gama bayyana. Maki 50 ne: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda take a baki, 10 na gamsuwa gaba ɗaya. Giya na iya yin daɗi ta faɗi, idan ba ta yi kama da salon da ta yi iƙirari ba.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Ya ba mai sana'a da mai saye harshe guda, ya kuma dawo da giyoyin da suka mutu. Illarsa ita ce ya ɗauki hoton abu mai tafiya ya ce haka yake tun fil azal. Masu binciken tarihi irin su Martyn Cornell da Ron Pattinson, waɗanda suka bi tsofaffin littattafan dafuwa na masana'antun Birtaniya shafi-shafi, sun nuna cewa sunayen sun daɗe suna sauya ma'ana. Giyar da ake kira mild a ƙarni na 19 fara ce mai ƙarfi, sunan na nufin sabuwa ce ba ta tsufa ba. Haraji da ƙarancin hatsi na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne suka raunana ta, aka kuma rubuta raunanniyar a kundi a matsayin ta asali. IPA ta zamanin Allsopp ba ta fi sauran giyoyin lokacinta ƙarfi ba, duk da labarin da ake bugawa a bayan kwalabe cewa an ƙarfafa ta ne domin tafiyar teku.

Kundin ma yakan bi kasuwa idan ta matsa. Shekara da shekaru gurɓacewar launi aibi ce a IPA. Sai wata ƙaramar masana'anta a jihar Vermont, The Alchemist, ta yi suna da Heady Topper, giya mai duhu-duhu kamar ruwan lemu, mai ƙamshin mangwaro. Jama'a suka yi layi, wasu suka kwaikwaya, kuma a 2018 ƙungiyar masana'antun Amurka ta buɗe wa irinta gurbi a gasa. Abin da aka rage wa maki jiya ya zama sharaɗin cin lambar yabo.

Intanet ta raba alƙalancin ga kowa. BeerAdvocate ta fara a 1996, RateBeer a 2000, manhajar Untappd a 2010. Ƙarfin maki ya bayyana a 2005, lokacin da RateBeer ta sa Westvleteren 12 a matsayi na ɗaya a duniya. Sufayen Kirista ne ke dafa ta a wani gidan ibada na yammacin Beljiyam, gwargwadon abin da zai riƙe gidan kawai. Motoci suka cika hanyar ƙauyen, sufayen suka ƙi ƙara yawan dafuwa, suka ƙayyade abin da mota guda za ta ɗauka, suka kuma sa mai saye ya yi alkawarin ba zai sayar ba. Alkawarin bai hana kwalaben bayyana a kasuwar bayan fage da ninkin farashi ba. Manyan kamfanoni sun lura. AB InBev, mafi girma a duniya, ya sayi Goose Island ta Chicago a 2011, sannan a 2017 ta fito fili cewa wani reshensa ya sayi hannun jari a RateBeer kanta tun shekarar da ta gabata ba tare da sanarwa ba. Wasu ƙananan masana'antu suka nemi a cire sunansu daga shafin. Da wuya a ga laifinsu, domin mai shiga gasa ya sayi kujera a teburin alƙalai. Anchor kuwa, wadda aka fara komai da ita, kamfanin Sapporo na Japan ya saye ta a 2017, ya rufe ta a 2023.

Inda dawa ta shigo

Nijeriya ta ba da nata misalin yadda doka ke haifar da salo, kuma manoman arewa na tsakiyar labarin. Guinness ta gina masana'anta a Ikeja a 1962, ta farko a wajen Ailan da Birtaniya. Har zuwa shekarun 1980 daga waje ake shigo da tsiron sha'ir. A 1988, a tsakiyar shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, aka hana shigo da shi, masana'antu suka koma dawa da masara dole. Ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙwayar dawa ba ta da ƙaiƙayin da sha'ir ke da shi, wanda ke zama matacin ruwan tsiro, sitacinta na buƙatar zafi mai yawa kafin ya narke, kuma tsironta bai wadata da sinadarin da ke mayar da sitaci sukari ba. Sai da aka sake injuna, aka riƙa ƙara wannan sinadari daga waje, aka kuma nemi irin dawar da ta dace, ciki har da gajeriyar kaura da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Wannan buƙata, haɗe da ta lemukan malti marasa barasa da ake sha a kowane biki, ta buɗe wa dawar arewa kasuwar masana'antu.

Sakamakon shi ne baƙar giyar Guinness ta Nijeriya, mai ƙarfin kashi 7.5 cikin ɗari, ta rabu da ta Dublin a ɗanɗano. Abin da ya faro a matsayin maleji ya zama abin da masu sha suka saba da shi, har ana fitar da ita zuwa Birtaniya, inda shaguna ke jera ta kusa da ta Ailan, masu sharhi kuma na rubuta wa kowacce nata bayanin.

Dawa ta daɗe tana wannan aiki kafin Ikeja. Kalmar giya kanta tsohuwar Hausa ce, Maguzawa sun san dafa ta, kuma burukutu da pito na nan a Filato, kudancin Kaduna, Binuwai, Taraba da Adamawa, kamar yadda pito yake a arewacin Ghana, dolo a Burkina Faso, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi. Mata ne ke sana'ar. Su jiƙa dawa ta tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, su bar ruwan ya yi tsami, su sake tafasawa, sannan su zuba iri daga tukunyar baya ya tsimu. Abin da ke fitowa mai kauri ne, mai tsami, ba a gani ta cikinsa, yana kan tsimuwa ake shan sa, kuma ba ya wuce 'yan kwanaki. Kwamitin ɗanɗano na kamfanin laga zai lissafa kowace siffa daga cikin waɗannan a matsayin aibi. Su ne kuma siffofin da ake biyan kuɗi mai yawa a kansu idan kwalbar ta fito daga Brussels ko Vermont. Rubuce-rubucen da jami'o'in Nijeriya suka yi a kansa sun fi karkata ga ƙwayoyin da ke cikinsa da tsaftar dafuwarsa.

A gidan burukutu, al'adar ita ce a ɗebo wa mai saye kaɗan a ƙaramar ƙwarya ya ɗanɗana kafin ya biya. Idan tukunyar ranar ba ta yi ba, sai ya ajiye ƙwaryar ya nufi gidan maƙwabciya.